Yadda na bi diddigin abin da ke kashe mini Corel a tsakiyar aiki

Shagona yana Agege, ba nisa da Zango, kuma yawancin aikin da ke shigowa na mutanenmu ne: katin ɗaurin aure, kalandar ƙungiyoyi, fostar wa'azi, sitikar masu kilishi da masu turare, sai fileks (babbar banar roba da ake ratayewa) na walima, da na siyasa idan kakarsa ta zo. Mu zane kawai muke yi. Bugu sai an kai Shomolu, can manyan injuna suke. Kwamfutar da nake aiki da ita a lokacin ta tebur ce, tokumbo, Core i5, da RAM (memorin da take shimfiɗa aiki a kai) giga 8, sanda biyu kowace giga 4, a kan Windows 10 mai bit 64. A cikinta akwai manhajojin zane biyu, CorelDRAW X5 da Photoshop. Na daɗe ina riƙe da X5 saboda hannuna ya saba da ita, kuma duk fayil ɗin da ta fitar babu madaba'ar da za ta ce ba ta iya buɗe shi ba.

Aikin da ya tono matsalar na wata Islamiyya ce da ke shirin walimar saukar Alƙur'ani. Suna son fileks mai ƙafa 8 a tsaye da ƙafa 12 a kwance, da hotunan masu sauka su arba'in, da aya a sama, da sunayen iyayen ƙasa a ƙasa. Wani ɗalibinsu mai ɗan taɓa kwamfuta ne ya fara haɗa shi, da abin ya gagare shi sai Malam shugaban makarantar ya kawo mini a filash.

Fayil ɗin ya buɗe, amma da ƙyar. Ka ja hoto guda, sai allon ya yi fari, ka zauna kana kallo. Da na zo fitar da shi don bugu, Corel ta ce memori ya ƙare, ta rufe kanta. Na koma Photoshop don gyara hoton bango, ita kuma ta ce scratch disk, wato wurin ajiyarta na wucin gadi a had-dis, ya cika, ba za ta iya ba. Sannan ga wani abu da ya ɗan jima yana faruwa jefi-jefi tun kafin wannan aikin: kwamfutar gaba ɗaya ta kawo shuɗin allo, ta kashe kanta ta sake tashi.

Duk wanda ya leƙo shagon yana da magani. Maƙwabcina mai sayar da caja ya ce bairos ne. Yarona da ke koyon aiki ya ce, "Oga, kawai a yi mata fomatin." Mafi yawa suka ce a ƙara RAM, tunda ita da kanta ta faɗi abin da ke damunta. Ni fomatin ban cika son jin sa ba. Yana share shaida ne kawai, kwamfuta ta yi lafiya na ɗan lokaci, ka mayar da kayanka iri ɗaya, ciwon ya dawo ba ka san daga ina ya fito ba. RAM kuwa kuɗi ne, kuma ina so in ga da idona cewa ita ce ta gaza kafin in hau mota zuwa Computer Village, kasuwar kwamfuta da ke Ikeja.

Sai na danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager ya buɗe, na ajiye shi a gefen allo, na sake umartar Corel ta fitar da fayil ɗin. Lambar da ke gaban sunanta ta yi ta hawa, mega 900, giga 1 da ɗoriya, tana dosar giga 2 sai ta faɗi. A daidai lokacin kwamfutar tana da RAM kusan giga 4 da babu mai taɓa shi. A jikin sunan Corel kuma an rubuta cewa mai bit 32 ce. Manhaja mai bit 32, ko ka zuba wa kwamfuta giga 64, ba za ta iya amfani da fiye da giga 4 ba, da yawansu ma a giga 2 suke tsayawa. X5 ta 2010 ce, kuma sai a X6 ta 2012 aka fara yin CorelDRAW mai bit 64. Ke nan da na sayo RAM a ranar, da Corel ta ci gaba da mutuwa a wuri ɗaya, ni kuma aljihuna ya yi sauƙi. Masu riƙe da X3, wadda ta girmi X5, har yau, kuma suna da yawa a shagunan Legas, wannan katangar ce a gabansu.

To amma me ya sa fileks guda zai nemi giga 2? Nan na fi daɗewa, don nan gizo ke saƙa.

A ƙarƙashin File akwai Document Properties, inda Corel ke lissafa maka abin da ke cikin aiki: abubuwa nawa, hotuna nawa, ɗigon lanƙwasa (ɗigon da ke riƙe da siffar layin zane) nawa. Na bi hotunan ɗaliban ɗaya bayan ɗaya. An ɗauke su da waya, kowanne fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 4000 ta 3000, wato miliyan 12. A cikin filash kowane hoto bai wuce mega 4 ba, shi ya sa yaron bai ga abin tsoro ba. Amma JPEG a naɗe yake. RAM kamar teburin yankan tela ne: bandir ɗin shadda yana kan kanta a naɗe bai tare wuri ba, sai ka zo yanka ka shimfiɗa shi sannan ka san girmansa. Hoto mai fiksel miliyan 12, in an buɗe shi a launin allo, kowane fiksel na cin bayit 3, ya zama mega 36. In an mayar da shi CMYK na bugu, bayit 4, mega 48. Ka ninka sau arba'in, ka tashi da kusan giga 2 tun ba a sa aya ba, ba a sa bango ba.

Abin haushin shi ne yawancin wannan nauyi ba a ma ganinsa. Yaron ya saka kowane hoto cikin da'ira da PowerClip, fuska da hula ko hijabi kaɗai ke fitowa. PowerClip ɓoyewa yake, ba ya yankewa. Bangon aji, da tabarma, da takalman da ke bakin ƙofa, duk suna nan a bayan da'irar Corel na ɗauke da su. Na fitar da kowane hoto, na yanke shi yanka na gaske, sannan na shiga Bitmaps na zaɓi Resample don rage yawan fiksel. A jikin fileks kowace fuska inci 8 ta 10 za ta ci. A dpi 100, wato fiksel 100 a kowane inci, fiksel 800 ta 1000 ke nan, mega 3 da 'yan kai. Hotuna arba'in suka dawo ƙasa da mega 130.

Bango kuma labarinsa daban. Wani ya faɗa wa Malam cewa duk aikin da bai kai dpi 300 ba aikin banza ne, ya riƙe maganar gam. Da ya zo duba aiki ya ji na ambaci 100, sai ya gyara zama.

"A'a ɗana, kada a rage mana inganci. Iyayen yara za su zo, Sarkin Hausawa ma mun kai masa takarda."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, bari in yi maka lissafin."

Na ɗauko takarda. Ƙafa 8 ta 12 inci 96 ne ta 144. A dpi 300, fiksel 28,800 ta 43,200, jimla sama da biliyan 1 da miliyan 200. A bayit 4 kowanne, kusan giga 5, kuma shimfiɗa ɗaya ke nan tak, ba a ɗora komai a kai ba. Ko ajiye shi a PSD, irin fayil ɗin Photoshop, ba zai yiwu ba, don PSD ba ya wuce fiksel 30,000 a gefe ɗaya, ba ya kuma wuce giga 2, sai dai a koma PSB na manyan ayyuka. A dpi 100 kuwa aikin bai kai mega 560 ba. Mutane na mantawa cewa in ka raba dpi biyu, nauyi kashi huɗu yake rabuwa, don tsawo da faɗi duka ke raguwa. Dpi 300 na abin da ake riƙewa a hannu ne, kati ko mujalla. Fileks da za a ɗaura a bango mutane na kallonsa daga kan kujerun haya, ido ba zai taɓa bambancewa ba.

Malam ya dubi lambobin bai ce komai ba, na san lissafi bai gamsar da shi ba. Sai na yanko fuskar ɗalibi guda a ainihin girman da za ta fito, na buga ta a takarda A4 a dpi 100, na manna a ƙofar shago, na ce ya tsaya daga bakin kwata ya duba. Ya tsaya, ya matso, ya koma. Ya ce, "To ai ga ɗigon sallarsa ma ana gani. Yi yadda ka sani."

Ayar da ke sama ita ma ta ci nata rabon. Tsohuwar Corel ba ta cika jituwa da rubutun Larabci ba, sau da yawa takan rarraba haruffa ko ta juya su, shi ya sa masu zane ke ɗauko hoton rubutun su bi shi da PowerTRACE, mai mayar da hoto zanen layi. Yaron haka ya yi, daga hoto mai dishi-dishi, sai kowane wasali ya fito da gefe kamar haƙoran zarto, ɗigon lanƙwasa dubbai a layi guda, sannan ya ɗora wa duka inuwa. Inuwa da launi mai shara-shara, Corel sai ta mayar da su hoto a lokacin fitarwa, a girman fileks ɗin. Na cire inuwar, na rage ɗigon da Reduce Nodes, sannan na sa Malam ya karanta ayar harafi-harafi a allo. Wannan ba wurin ganganci ba ne, rage ɗigo na iya cinye ɗigon harafin ba ko na nun, kuma babu mai zanen da ke son a nuna fileks ɗinsa a taron mahaddata a ce akwai gyara.

Bayan wannan, fitarwa ta tafi sumul. Amma Corel ta sake faɗuwa a wani wuri na daban: duk sanda na buɗe jerin salon rubutu ina gangarawa. Abin da ke sa ni yawan gangarawa kuwa sananne ne ga duk mai zanen Hausa, neman salon da ke da ƙ da ɗ da ɓ. Arial da Times New Roman suna da su, Noto na Google ma haka, amma yawancin masu ƙyalƙyali da ake so a katin biki babu, sai ka rubuta Ɗanladi ka ga akwati a farkon suna. Kwamfutar ta zo da tarin salon rubutu dubbai, irin waɗanda masu saka manhaja ke juyewa a matsayin gyara. Guda ɗaya lalatacce a ciki ya isa ya kayar da manhajar da ke ƙoƙarin nuna samfurinsa. Na kwashe waɗanda ba na Windows ba zuwa wata folda, na riƙa mayar da su rabi-rabi, in ta faɗi na san mai laifin yana cikin rabin da na mayar, in sake raba shi. Da na kama shi na goge, sauran ma ban mayar da su duka ba, na bar waɗanda nake taɓawa.

Ƙananan abubuwa biyu na gyara a hanya. Firintar da Windows ta ɗauka a matsayin ta farko wata tsohuwa ce da ba ta ma shagon, kuma Corel na yawan tambayar firinta ko ba bugu za ka yi ba, sai na mayar da ita Microsoft Print to PDF. Sannan na riƙe F8 lokacin da Corel ke tashi, ta tambaya ko in mayar da saitinta yadda ya zo, na ce e.

Ta Photoshop ba ta ba ni wuya ba. Abin da RAM bai ɗauka ba, tana shimfiɗa shi ne a had-dis na wucin gadi, kuma C ɗina, ɓangaren had-dis da Windows ke kai, saura giga kaɗan. Na danna maɓallin Windows da R, na rubuta %temp%, sai ga manyan fayiloli masu suna Photoshop Temp jibge, wasu giga-giga. A ƙa'ida in ka rufe ta lafiya tana share su da kanta. In ta faɗi, ko aka ɗauke wuta kafin yaro ya ja janareta, nan take barinsu. A unguwarmu kuwa ɗauke wuta ba labari ba ne. Na share su, na kwashe tsofaffin ayyuka zuwa wani had-dis na waje. Wanda tasa ta ƙi buɗewa ma gaba ɗaya saboda wannan, ya riƙe Ctrl da Alt tana tashi, za ta ba shi damar zaɓar wani wurin. A Preferences, ƙarƙashin Performance, ta zo da izinin cin kashi 70 cikin 100 na RAM. Na ga masu ja shi zuwa 100 suna ganin dabara ce. Ban taɓa shi ba, don Windows da direban allo su ma da RAM ɗin suke numfashi. Abin da na rage shi ne History States, daga 50 zuwa 20, tunda kowane mataki na komawa baya ajiye shi ake yi.

Na mayar da duk rubutu zane da Ctrl da Q don kada ƙ da ɗ su ɓace a kwamfutar madaba'a, na fitar da PDF, aka buga a Shomolu, aka yi walima.

Shuɗin allo dai bai daina ba. Ya zo ina rubuta rasit, ba Corel a buɗe, ba Photoshop. A ƙasan allon an rubuta MEMORY_MANAGEMENT. Wannan ya nuna mini cewa ciwo na uku ba shi da alaƙa da nauyin fayil.

A Windows akwai wani wuri da mutane ba su cika shiga ba. Ka rubuta reliability a wurin bincike, ka buɗe tarihin, sai ka ga kwanaki jere da jan tambari a duk ranar da wani abu ya faɗi. Ka danna, ya faɗa maka manhajar da kuma ɓangaren da ya jawo. Faɗuwar Corel ta kwanakin fileks duk kamanninsu ɗaya. Amma a tsakaninsu akwai wasu: Chrome yau, Explorer gobe, Photoshop jibi, kowanne da sunan ɓangare daban, da yawansu da lamba 0xc0000005, wadda ke nufin manhaja ta taɓa wurin da ba nata ba a memori. In manhaja ɗaya ke faɗuwa a wuri ɗaya kullum, ita za ka tuhuma, ko fayil ɗinta. In kowa na faɗuwa ba tsari, to ƙasan da suke tsaye a kai za ka duba.

Na gudanar da gwajin da Windows ke zuwa da shi, mdsched, ya ce lafiya lau. Ban yarda ba, gwajinsa na farko gajere ne. MemTest86 ya fi shi naci: a filash ake saka shi, kwamfuta ta tashi daga filash ɗin ba tare da Windows ba, ya yi ta rubuta lambobi a kowane lungu na RAM yana karantawa, zagaye huɗu. Matsalarsa a wurinmu awanni yake ci, kuma in wuta ta katse sai a faro daga farko. Ban ga dalilin ƙona fetur dare guda ba, sai na ɗauki kwamfutar na kai wa wani ɗan garinmu mai gyara a Computer Village, yana da inbata.

Tun zagayen farko bai ƙare ba jan rubutu ya fara fitowa. Ya ce, "Mutumina, ko guda ɗaya ka gani an gama magana, balle wannan." RAM mai lafiya ba ta kuskure ko sau ɗaya a wannan gwaji. Amma bai ce in sayi sabuwa nan take ba, kuma a nan na ƙara ganin girmansa. Ya zare sandunan biyu, ya hure ƙurar Agege daga gurabensu, ya goge haƙoran zinaren da abin goge fensir, don laimar Legas na sa su dusashe har su daina haɗuwa da kyau. Ya mayar da sanda ɗaya ita kaɗai, ta wuce gwaji. Ya sa ɗayar, ja ya dawo. Ya canza mata gurbi don a tabbatar ba gurbin ne ya lalace ba, jan ya bi ta. Ita ce.

Wajen saye na tafi da tsohuwar a aljihu. Nau'in DDR3 ce, kuma tsagar da ke ƙasanta ba wuri ɗaya take da ta DDR4 ba, ba ma za ta shiga ba in ka yi kuskure. Masu laftof su kula da DDR3L, mai aiki da bolt 1.35 maimakon 1.5, don wasu injunan ita kaɗai suke karɓa. RAM ɗin kasuwa yawanci cirowa aka yi daga wasu kwamfutocin, saboda haka na yi sharaɗi da mai shagon tun kafin in biya cewa in ta faɗi gwaji zan dawo da ita. Na ɗauki sanda biyu masu giga 8, iri ɗaya, na haɗa da SSD, ma'ajiyar da ta fi had-dis sauri, shi ne ma ya fi canza tafiyar kwamfutar a aikin yau da kullum, musamman da na mayar da scratch disk kansa. Sababbin ma sai da suka kwana a MemTest86 kafin na rufe murfi. Daga baya na koma Corel mai bit 64, don giga 16 ba ta da amfani ga X5. Kuɗinta da dala ake lissafawa, yana da zafi, amma na kirak da ake sakawa a kasuwa sau da yawa an taɓa cikinsu, in sun faɗi ba ka da hanyar sanin ko laifin fayil ne ko na wanda ya fasa su.

Mai gyaran ya ja hankalina kan wani abu kafin mu rabu. Duk abin da ka ajiye ta RAM yake bi kafin ya sauka a had-dis, don haka lalatacciyar sanda na iya ɓata fayil a ɓoye, ba saƙo, ba faɗuwa. Ɗauke wuta ana tsakiyar ajiya ma haka yake yi. Da na koma shago na sa yarona muka bi ayyukan watannin baya muna buɗewa. Yawancinsu lafiya. Wasu hotuna biyu sun fito da layin kore a tsakiya, na sake karɓar su daga masu su ta WhatsApp. Kalandar wata ƙungiyar 'yan kasuwar Mile 12 kuwa, wadda suke dawowa a sabunta musu duk shekara, ta ƙi buɗewa sam.

Corel tana da al'adar ajiye kwafin da ya gabata a gefen fayil, da suna mai farawa da Backup_of, duk sanda ka danna ajiya. Yarona ya sha tambayata ko ya goge su don suna cika wuri, ina hana shi. Na kalandar yana nan, ya buɗe, sai dai babu gyaran ƙarshe na shafin Disamba da jerin sunayen shugabanni, waɗannan muka sake bugawa daga kwafin takarda da ke rataye a bango. Daga nan na shiga Options, wurin Save, na rage tazarar ajiyar kai-da-kai daga minti 20 zuwa 10, na kuma nuna mata folda a had-dis na waje maimakon C.